Tauno Ya Ce Tafkin Laka

Alhamis, 24 ga Afrilu

Zuwa ga aminiyata Ardis,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Lowell. Yaya gwiwar taki, yaya kuma zafin Arizona? Na ga hoton da kika aiko kina zaune a gindin bishiyar lemo da hularki mai faɗi, kuma ban yafe miki ba. Mu a nan jiya ma sai da na kankare ƙanƙara a gilashin mota kafin in fita.

Kin ce in daina sallamar ki da "ai da sauƙi" a waya, in zauna in rubuta miki gaskiya. To, ga ta. Wata biyu ke nan da 'yan kwanaki tun da ɓarin jikin Tauno na dama ya shanye. Har yanzu yana asibiti a Duluth, a sashen da ake sake koya wa manya tafiya da magana. Ƙafar ta fara motsi. Hannun kuwa yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Magana ce babbar damuwa. Kalma ɗaya yake iya fitarwa, ita ma sai ya yi gumi, kuma sau da yawa ba ita ake nema ba. Ran nan nas ta ɗaga masa cokali ta ce mene ne wannan, ya kalle ta ya kalli cokalin ya ce "jirgi". Kin san mijina ko da lafiyarsa ba ya ɓarnar magana, amma a da shirunsa na ganin dama ne. Wannan shirun ban san abin da ke bayansa ba, kuma tsoro nake ji.

Ɗanmu Glenn ya zo daga Minneapolis ya yi sati. Ya samo wa ubansa ɗaki a gidan kula da tsofaffi, a ɓangaren da ake kulle ƙofa saboda waɗanda hankalinsu ya gushe. Na zazzage shi tas, ya tsaya ya saurara har na gaji. Sannan ya ce, "Mama, in jiki ne kawai, ni da kaina zan buga gangarar katako a ƙofar gida, in sa ƙarfen dafawa a banɗaki. Amma in kan ne ya tafi fa? Ki shiga wanka ki fito ki tarar ya kunna murhu, ko ya fice cikin sanyi da rigar barci?" Likita ta sa mana ranar Juma'a sha shida ga Mayu mu zauna a yanke: gida ko can.

Ni kuwa na yi wani tunani. Ranar buɗe ruwa, wato ranar da ake ba da izinin fara kamun kifi, bana goma ga Mayu ta faɗo, kuma shekara arba'in da ɗaya Tauno ne yake zaɓar tafkin da za mu fara kamun kifin wolai. Kin sha ganin yadda yake yi. Tun ana saura sati biyu yake zagaya tafkuna da ma'aunin zafinsa ɗaure a zare, ya jefa a nan ya jefa a can, ya tsuguna ya duba launin ruwa, ya dawo gida ya ci abinci bai ce uffan ba. Sai mun shiga mota da asuba, jirgin ruwanmu na ɗaure a bayanmu, sannan zai faɗi sunan. In ƙanƙara ta narke da wuri, manyan tafkuna masu zurfi yake nufa. In ta makara irin ta bana, sai ya nemi marar zurfi mai baƙin ruwa wanda rafi ke shiga, don shi ke fara ɗumi, kifi kuma na nan kusa da duwatsun da suka zuba ƙwai ba su watse ba. Baƙi nawa ya kai ruwa a rayuwarsa suka dawo da kifi? Ko sunan cokali ya ɓace masa, wannan ba zai ɓace ba.

Na ce wa Glenn zan kai taswirar gundumarmu in shimfiɗa masa a cinya in tambaye shi. In ya zaɓi tafki na hankali, magana ta ƙare, gida zai dawo. Glenn ya ce ya yarda, amma in ya zaɓi na banza ni ma in yarda. Na ce na yarda, don na san ba zai zaɓa ba.

Ki gaida Lowell, ki ce ya rage gishiri. Ki sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Saima

Litinin, 5 ga Mayu

Ardis ƙawata,

Ina gaishe ki, ina fatan ciwon bayan Lowell ya lafa. Wasiƙarki da busasshen lemon sun iso ranar Juma'a, na gode. Ki yi haƙuri da rubutun yau.

Jiya muka je. An sauya wa Tauno abokin ɗaki, wani sabo na can bayan labule yana ta zabga minshari, don haka na rage murya. Glenn ya tsaya a ƙofa ya harɗe hannu. Likitar ma ta shigo da takardunta, don na gaya mata abin da za mu yi. Na shimfiɗa taswira na ce, "Tauno, saura kwana shida a buɗe ruwa. Ƙanƙara ba ta bar Tafkin Gilashi ba sai shekaranjiya. Ina za mu?"

Ardis, da kin ga fuskarsa. Ta waye. Ya sunkuya a kan taswirar nan, yatsansa na hagu ya fara tafiya arewa a hankali. Sai yatsan ya tsaya cak. Idonsa ya bar takarda ya yi can wajen labule, ya dawo, ya sake komawa. Daga nan ya janye hannunsa, ya buɗe baki ya ce, "Laka."

Na ce, "Me ka ce?"

Ya ɗaga murya, tar da ita, ya ce, "Tafkin Laka."

Kalma biyu a jere. Tun watan Fabrairu bai haɗa kalma biyu ba sai jiya, kuma waɗannan ya haɗa. Tafkin Laka, inda ni da ke muke kamun kwaɗi muna 'yan mata! Tsakiyarsa ba ta wuce ƙugun mutum ba. Kowace shekara daskarewa yake har ƙasa, ba abin da ke tsira sai ƙananan tarwaɗa da ke nutsewa cikin taɓo. Tun da aka halicce shi wolai bai taɓa kwana a ciki ba. Tauno da bakinsa yakan ce agwagi ma haƙuri suke yi da shi.

Likitar ba ta san tafkin ba, har ta fara murmushi don ta ji magana ta fito. Sai ta dubi Glenn, ta dube ni, ta rufe biro. Na naɗe taswira, na gyara masa bargo, na sumbace shi a goshi. Yana ta ƙifta mini idon nan na hagu, na ɗauko hankici na goge masa, don nas ta ce yakan yi ruwa.

A hanya Glenn ya gangara gefen titi ya kashe mota. Mutum ɗan shekara talatin da takwas ya kifa kai a sitiyari yana kuka. Ya ce, "Mama, kin ji da kunnenki." Na ce na ji. Yau da safe na buga wa gidan tsofaffin waya na ce su riƙe ɗakin.

Ban san abin da zan ƙara ba. Na ɗauka ranar da ya faɗi a rumfar jirgi ita ce rana mafi muni, ashe da saura. Ranar Asabar za mu fita ruwa ni da Glenn, don ba na son jirginsa ya wuni a rumfa ranar buɗewa, mutanen gari suna wucewa suna kallo.

Ki gaida kowa.

Taki,
Saima

Talata, 13 ga Mayu

Aminiyata Ardis,

Gaisuwa da fatan alheri, da fatan kun tashi lafiya. Ki nemi kujera ki zauna kafin ki karanta wannan, kuma kada ki bari Lowell ya ƙwace ya riga ki.

Ranar Asabar dai ba abin labari. Glenn ya ce mu je Tafkin Gilashi tun da kowa can yake zuwa, ni kuwa ba ni da ƙarfin gardama. Ruwa garau har kina ganin duwatsun ƙasa, sanyi kamar ya tsinke yatsu, jirage sun fi saba'in kowa ya zuba wa kowa ido. Muka wuni muna jiƙa matsattsaku a ƙugiya. Wolai ɗaya muka kama, shi ma ɗan ƙarami, muka mayar da shi.

Lahadi bayan an tashi coci muna ɗakin ƙasa na cocin ana shan kofi, sai na ji teburin maza ya kece da dariya. Merle mai shagon kayan kamun kifi ne ke ba da labari, yana buga cinya. "Wallahi da idona na gani! Motoci biyu tun asuba, da jibgegen jirgin nan nasu mai ƙaton inji. Ko taku ashirin bai yi ba ya kafe a taɓo. Sai da aka nemo tarakta!"

Wani ya ce, "To me suka kama?"

"Tarwaɗa goma sha ɗaya da takalmin roba ƙafa ɗaya, shi ma nasu ne!"

Na matsa na ce su wa ke nan. Merle ya ce, "'Ya'yan Orval Skoglund mana. A Tafkin Laka suka yi buɗe ruwa, Saima, Tafkin Laka!" Na ce me ya kai su. Ya ce, "Wai ubansu ne ya bugo waya daga asibitin Duluth, ya ce kada su gaya wa kowa, ya ji sirri daga bakin mai shi."

Ban san lokacin da na ajiye kofin ba. Kin dai san Orval. Shekara arba'in yana bin ƙurar motar Tauno don ya ga inda zai sauke jirgi, har da madubin hangen nesa ya taɓa saya saboda shi. Na ji labarin ya zame ya karya ƙugu, har hannu na sa a katin gaisuwar da matan coci suka aika, amma ko sau ɗaya ban tambayi asibitin da aka kai shi ba.

Jiya tun ƙarfe bakwai na kama hanya ni kaɗai. Ina shiga ɗakin ko gaisuwa ban yi ba, na wuce gadon mijina na fizge labulen. Ga Orval kwance, ƙafa a miƙe, ya cika ya yi fam.

Yana ganina ya ce, "Yauwa, gara da kika zo. Saima, mijin nan naki ba ya tsoron Allah ko kaɗan."

Na ce, "Kai ba barci kake yi ba ranar?"

Ya ce, "Minshari nake yi, ban ce miki barci nake ba. Ni na ce wa yara, mutumin nan ƙafarsa ɗaya na kabari, ga matarsa ga ɗansa ga likita, yau kam gaskiya zai faɗa. Na ce wataƙila wani rami ne ya gano a tafkin ya ɓoye mana duk shekarun nan. Yanzu babban ɗana ko wayata ba ya ɗauka!"

Na ce, "Tsohon banza, da girmanka kana laɓe a bayan labule."

Ya ce, "Ina zan je? Ƙuguna a karye yake!"

Sai na ji gado na girgiza a bayana. Na juya. Tauno ne, rabin fuskarsa na dariya, kafaɗarsa na rawa, hawaye na bin kuncinsa. Ya ɗaga yatsa ya nuna Orval, ya yi ta kokawa da harshensa, can ya ce, "Tarwaɗa."

Ardis, ta yaya abin ya wuce ni? Ke kin sani, ni na sani, duk mai jirgi a gundumar nan ya sani: ba a faɗin sunan tafki a gaban kunnen waje. A shagon Merle in an tambayi Tauno inda ya kamo, ya ce gabas, to yamma ya je. Sai dai duk shekarun nan ina da alamata. In zai shirga ƙaryar tafki, sai ya sosa kunnensa da hannun dama. Ranar nan na duba, ban ga ya sosa ba. Sai jiya a mota ina komawa gida na tuna wane hannu ne ya shanye. Shi ya sa yake ta ƙifta mini ido, ni kuwa ina goge masa da hankici.

Na sa aka ɗora shi a keke, na tura shi har ƙarshen baranda, wani ɗan ɗaki da ake ajiye kujeru, na rufe ƙofa. Sai da ya leƙa bayan ƙofar da ido kafin ya yarda na buɗe taswira. Yatsansa bai yi wata-wata ba, ya haura arewa ya sauka a kan Tafkin Shinkafa, wannan ɗan ƙaramin mai ruwa kalar shayi. Ya ƙwanƙwasa can ƙuryar arewa inda rafi ke shiga. Sannan ya dubi tutar da ke kaɗawa ta taga ya girgiza kai, ya ce, "Kudu." Na ce, "Mu jira iskar kudu ta koro ruwan ɗumi kan duwatsun?" Ya lumshe ido ya sauke ajiyar zuciya, irin ta wanda ya daɗe yana buga ƙofa aka buɗe.

Rediyo ta ce gobe iska za ta juya. Na kira Glenn na ce ya nemi hutu ya taho. Ya ce, "Mama, kada ki sake ɗora ranki." Na ce ya zo da rigar ruwa kawai.

Ki gaida Lowell. Yanzu kina iya ba shi ya karanta.

Taki,
Saima

Lahadi, 18 ga Mayu

Zuwa ga Ardis, ƙawata ta tun ƙuruciya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ji saƙon da kuka bari a waya. Dariyar Lowell ta cinye rabin saƙon, ban ji abin da kika ce a ƙarshe ba.

Ranar Laraba muka je Tafkin Shinkafa. Ba kowa a bakin ruwa sai mu. Da safe shiru, ruwa kwance, Glenn na ta duba agogo yana satar kallona. Wajen ƙarfe goma iska ta taso daga kudu, ruwa ya fara 'yan tuƙa-tuƙa yana dukan duwatsun bakin rafi. Na ce ya kashe inji mu bar iska ta kai mu. Ba mu yi minti biyar ba sandar kamun kifinsa ta lanƙwasa. Kafin ya cire wannan tawa ta ja. Cikin awa biyu mun kama goma sha huɗu, jikinsu kamar zinariya, fararen idanun nan suna ƙyalli. Muka ɗauki huɗu, muka saki sauran, har da wata ƙatuwar mace da ta gama zuba ƙwai. Glenn ya riƙe ta a ruwa har ta farfaɗo ta sulale. Da ya ɗago cewa ya yi, "Daga kan gado ya ga wannan, Mama. Ni ina tsaye da ƙafafuna na kai ki Gilashi." Muna isa gida ko kifin bai gyara ba, ya ɗauko awo ya fara gwada matakalar ƙofa.

Ranar Juma'a muka zauna da likita. Na ba ta labari tun daga farko. Ta yi dariya har ta cire tabarau, sannan ta ce dama ita ta gaya mana tun tuni cewa ɓacewar kalma daban, ɓacewar hankali daban, mu ne muka kafa namu gwajin. Ta ƙara masa nata tambayoyin, irin waɗanda ake amsawa da yatsa, ya ci kusan duka. Ba ta yi mana alkawarin hannun ba, maganar ma ta ce wataƙila ba za ta wuce haka da yawa ba. Amma ta sa hannu. Laraba mai zuwa zai dawo gida. Na soya kifin na kai masa, na kuma ba Orval yanka biyu. Ya cinye tas yana cewa gishiri ya yi yawa.

Saura abu ɗaya, kuma ke kaɗai zan gaya wa. Gidan tsofaffin nan suna da doka: kowane kayan sawa sai an ɗinka masa ɗan ƙyalle mai sunan mai shi, don masu zama a ɓangaren ba sa gane nasu. Ba wanda ya matsa mini, sun ce sai ranar da za a kawo shi ma ya isa. Amma a satin nan da ya ce Laka, na zauna na ɗinke su duka. Riguna goma sha ɗaya, wanduna shida, safa, har da jar rigar ulun da yake sawa a jirgi. TAUNO RAUTIO, da manyan baƙaƙe, a bayan kowace wuya. Na ninke su na jera a akwati na rufe. Shekara arba'in da ɗaya ina kwana ina tashi da mutumin nan, Orval Skoglund ya gaskata shi don yana ganin har yanzu ya fi kowa sanin ruwa, ni kuwa na gaskata shi don ina ganin ya ƙare. Yana can yana tsare mana tafkinmu da kalma biyun da suka rage masa, ni ina nan ina haɗa masa kaya.

Tun jiya nake warwarewa da ƙaramin almakashi. Ɗinkin nawa ya yi ƙarfi, kin san hannuna, kuma a kan ulu yana barin 'yan huji. Tauno ba ya magana, amma ba abin da idonsa ba ya gani. In ya shafa wuyan rigar ya dube ni, ban san abin da zan ce masa ba. Saura riguna huɗu.

Ki gaida Lowell da kyau. Ku zo a watan Yuli, ɗakinku na nan.

Taki har kullum,
Saima Rautio